Yadda ake gane lafiyar hanyar keken tsauni da yadda ake gyaranta da hannu

Duk wanda ya taɓa hawa keken tsauni ya gangaro ta 'yar siririyar hanya a cikin daji, taya tana kama ƙasa yadda ya kamata, kwana tana karɓarka ba ka zame ba, to ya san daɗin da nake magana a kai. Abin da da yawanmu ba ma tsayawa mu tuna shi ne hanyar nan ba ita ta yi kanta ba, kuma ba ita ke riƙe da kanta ba. Akwai wasu mutane da suka kashe ranakun hutunsu da diga da shebur a hannu, ba wanda ya biya su, su ne suka sa kake jin daɗin nan. Ni abin da na fahimta bayan na jima ina hawa ina kuma taya gyara shi ne kusan duk matsalar hanya ruwa ne. In ka iya karanta inda ruwa zai bi ka gama rabin aikin, sauran kuma haƙuri ne da ƙarfin damtse.

Bari in ɗan koma baya kaɗan don a gane dalilin da yasa masu wannan wasa suke ɗaukar gyaran hanya da muhimmanci haka. Wasan ya taso ne a shekarun 1970 a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka, inda matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher suke gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa daga tsauni da su. Da mahaya suka yi yawa sai hukumomin daji suka fara rufe musu hanyoyi, ana cewa suna lalata ƙasa suna tsorata masu tafiya a ƙafa da masu dawaki. Wannan rufewar ce ta sa wasu ƙungiyoyin mahaya suka haɗu a 1988 suka kafa IMBA, ƙungiyar masu hawa keken tsauni ta duniya, kuma yawancin ƙa'idojin gini da gyara da zan kawo a nan daga wajensu suka yaɗu. Wato tun farko da aikin sa kai aka sayi izinin hawa, har yau kuma haka abin yake a yawancin wurare.

Mataki na farko, tun kafin ka fito da keke

Ka fara sanin irin ƙasar da hanyarku take da ita, don ba kowace ƙasa ce ke ɗaukar ruwa iri ɗaya ba. Ƙasa mai yashi ko tsakuwa tana tsotse ruwa nan da nan, wani lokacin ma ta fi daɗin hawa bayan an ɗan yi yayyafi saboda ƙurar ta kwanta yashin ya haɗe. Amma yumɓu wani abu ne daban, yana riƙe ruwa kwana biyu, uku, wani lokacin fiye da haka in wurin yana cikin inuwa, kuma in ka bi ta kansa yana jiƙe tayarka zata yanka masa layi, rana ta fito layin ya bushe ya zama kamar siminti, ruwa na gaba ya zo ya samu kwata da aka riga aka haƙa masa kyauta sai ya bi ta ciki yana ƙara zurfafa ta. Mutum ɗaya a cikin awa ɗaya zai iya barin ɓarnar da mutum goma za su yini suna gyarawa.

Gwajin ba wahala. In ka isa bakin hanya ka ɗebi ƙasa cikin hannu ka dunƙule. In ta dunƙulu amma da ka taɓa ta da yatsa ta wargaje, wannan ita ce ƙasar da ake so, hau abinka. In ta manne maka a tafin hannu tana sheƙi, ko ruwa na tsatsowa tsakanin yatsunka, toh ba ranar hawa ba ce. Gwaji na biyu kuma ka yi tafiyar mita ɗari ka tsaya ka waiwaya. Kana ganin zanen taya sama-sama? Ba komai. Kana ganin rami da tayarka ta bari, ko laka ta fara cika tsakanin haƙoran taya tana taruwa a jikin ƙarfen keken? Juya kawai. Na san da ciwo, musamman in ka yi doguwar tafiya kafin ka iso, amma ka nemi hanyar tsakuwa ko babbar hanyar motocin daji ka ƙarasa ranarka a can.

A ƙasashen da ake sanyi har ƙasa ta daskare akwai wani tarko kuma. Da dare ruwan da ke cikin ƙasa yana zama ƙanƙara ya kumbura ya ɗaga ƙasar, da safe tana da tauri ana iya hawa lafiya lau, amma rana na ɗagawa saman ya narke ya zama caɓi alhali ƙasan yana daskare ruwa bai da inda zai nutse. Wanda zai hau a irin wannan lokaci ya fita da sassafe ya dawo kafin ta narke. Bushewa mai tsanani ita ma tana da nata, ƙasa ta zama gari, kwanoni su rugurguje in ana ta birki a kansu.

Wurare da yawa yanzu suna da hanyar sanar da yanayi, ko allo a bakin shiga ko manhaja irin Trailforks inda mahaya ke rubuta abin da suka gani. In an ce a rufe take to a rufe take, ko da kai a idonka ka ga kamar ta bushe, don mai yiwuwa can gaba a cikin kwari ne matsalar take.

Na biyu, yadda kake hawa shi ma gyara ne

In ka riga ka shiga sai ka ci karo da ɗan kududdufi a tsakiyar hanya, ka bi ta tsakiyarsa a hankali. Kowa zuciyarsa tana ce masa ya kauce ta gefe don kada ya ɓata kaya, amma kaucewar nan ita ke mayar da hanya mai faɗin kamu biyu ta koma faɗin mota, ciyawar gefe ta mutu, kududdufin ya ƙara girma. Kada ka danne birkin baya har taya ta tsaya cak tana jan ƙasa, wannan ke tone hanya ya bar ƙananan tuddai-tuddai kafin kwana waɗanda ke girgiza kowa. Ka rage gudu tun kafin ka iso kwana, da birki biyu, taya tana juyawa. Kada ka yanke kwana don ka rage daƙiƙa biyu, in mutum biyar suka bi sawunka ta zama sabuwar hanya, kuma irin wannan yankan koyaushe miƙe yake gangarowa, daidai yadda ruwa ke so.

In ka ga itace ya faɗo ya tare hanya ko gada ta karye, ɗauki hoto, ka ajiye wurin a taswirar waya, ka tura wa masu kula da hanyar da bayani takamaimai: kaurin itacen kamar nawa, yana kwance a ƙasa ne ko ya rataye a kan wani, nisan wurin daga mashiga. "Akwai itace a hanya" ba ya taimakon kowa, sai a ɗauko ƙaramin zarto a je a tarar da gungumen da sai inji.

Na uku, izini

Wannan kada a yi wasa da shi. Kowace hanya a kan ƙasar wani take, ko gwamnati ko hukumar daji ko wani mai gona. Kwashe reshe ko buɗe magudanar da ganye ya toshe da ƙafarka ba wanda zai hana ka, amma tona ƙasa, sare itace, gina tudun tsalle, canza layin hanya, duk waɗannan sai da yardar mai ƙasa. Na taɓa ganin hanya mai kyau da aka rufe gaba ɗaya saboda wasu samari sun gina wurin tsalle a ɓoye, wani ya faɗi ya ji ciwo, mai ƙasar ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyin ba, shikenan aikin shekaru ya tafi. In akwai ƙungiyar mahaya a yankinku shiga cikinta, galibi sun riga sun yi yarjejeniya. In babu, ku je ku sami mai ƙasar ku zauna da shi, ku gaya masa abin da kuke son yi da wurin da za ku yi, ku samu amincewarsa a rubuce.

Na huɗu, ka je ka kalli ruwa da idonka

Nan ne nake so a daɗe, don nan ne ilimin yake. Ka ajiye keke, ka sa takalmin ruwa, ka taka hanyar da ƙafa lokacin da ake ruwa ko da an ɗauke kenan, ba lokacin tsawa da iska ba dai. Abin da za ka koya a awa ɗaya ya fi na wata guda a lokacin rani. Ka lura da inda ruwa ke shigowa kan hanya, tsawon da yake gudu a kanta, da inda yake fita ko yake kwanciya. Ka riƙe 'yan tutoci ko ƙyalle mai launi kana kafawa a duk wurin da ke buƙatar aiki.

Abin da ake so shi ne ruwa ya tsallaka hanya daga gefen tudu zuwa gefen gangare, shimfiɗe, a hankali. Abin da ba a so shi ne ya juya ya bi tsawon hanya, don yana tafiya yana ƙara yawa yana ƙara gudu, gudun nan kuwa shi ke kwashe ƙasa. Shi yasa hanya mai ƙarko take kewaya jikin tsauni a kaikaice, ba ta fuskantar ƙasa kai tsaye.

Akwai lissafi guda uku da ya kamata su zauna maka a kai. In an ce gangare kashi 10 cikin ɗari ana nufin a kowace mita 10 ta tafiya an sauka mita 1. Na farko ƙa'idar rabi: gangaren hanya kada ya wuce rabin gangaren jikin tsaunin da take ratsawa. In tsaunin yana da kashi 20, hanya kada ta wuce kashi 10, in ta wuce ruwa zai ga bin hanya ya fi masa sauƙi. Na biyu, in aka haɗa hanyar gaba ɗaya matsakaicin gangarenta ya tsaya wajen kashi 10 ko ƙasa da haka. Na uku, fuskar hanyar kanta ta ɗan karkata zuwa waje da kamar kashi 5, wato a hanya mai faɗin santimita 60 bakin waje ya fi na ciki ƙasa da santimita 3 kacal. Mahayi ba zai ma ji ba, amma ruwa zai ji. Ana auna gangare da ɗan na'urar da ake kira kilinomita, wayoyi ma suna da manhajar da ke yi, in kuma ba ko ɗaya ka ajiye gorar ruwa a tsaye a kan hanyar ka ga ta ina ruwan ciki ya karkata.

In ka auna ka ga wani sashe ya karya ƙa'idar rabi ƙwarai, gaskiya duk gyaran da za ku yi masa na ɗan lokaci ne, tun ran gini tun ran zane. Irin wannan sai dai a nemi izini a canza masa layi.

Na biyar, kayan aiki da tsaron jiki

Ba sai kun tara kaya masu yawa ba. Fartanya mai nauyi, diga, shebur mai faɗin baki, manjagara, almakashin yanke reshe, ƙaramin zarto mai naɗewa, bokiti da baro don ɗaukar dutse da ƙasa. Akwai guda biyu da masu wannan aiki suka aro daga masu kashe gobarar daji a Amurka: McLeod, wanda gefe ɗaya manjagara ne gefe ɗaya fartanya mai faɗi kuma ana daddaɓe ƙasa da shi, sai Pulaski wanda gefe ɗaya gatari ne ɗayan kuma na tono, yana da kyau wajen yanke saiwa. In ba ku da su fartanya da gatari za su yi.

Safar hannu, takalmi mai rufe ƙafa, gilashin kare ido, ruwan sha isasshe da akwatin taimakon gaggawa, waɗannan ba a barinsu. A bar tazarar kamar mita 3 tsakanin duk mutum biyu masu sara. In ana tafiya a riƙe kaya a gefen jiki ta ɓangaren gangare, kaifi yana kallon ƙasa, ba a saɓa shi a kafaɗa ba, don in ka zame ka iya jefar da shi nesa. Wanda zai wuce ta bayan mai aiki ya yi magana tukuna. Zarton inji kuwa sai wanda ya samu horo, itacen da ya faɗi yana danne yana ɗauke da ƙarfi a cikinsa, in aka yanke shi ba daidai ba yana iya fizgowa ya kashe mutum. Kuma a kafa alama sama da ƙasan wurin aiki don kada mahayi ya gangaro da gudu ya afka muku.

Na shida, aikin kansa

A fara da share sarari. A yanke rassan da suka shigo hanya har tsayin kamar mita biyu da rabi, a yanke su daf da jikin itace, kada a bar tsini a waje da zai soki mutum, ƙananan kututture kuma a tone su da saiwa maimakon a sare su a bar guntu yana jiran fedal. Abin da aka yanke a ja shi nesa ta gefen gangare. A kwanoni a buɗe yadda mahayi zai hango gaba. Amma fa kada a wuce gona da iri, ba kowane dutse da saiwa ne matsala ba, da yawansu su ke rage gudu kuma su ne daɗin hanyar. Ba a sauƙaƙa hanya mai wuya don kawai kai ba ka iya wurin ba tukuna.

Sai magudanai da suke akwai. A kwashe ganye da lakar da ta taru har a tabbatar bakin fita ya fi na shiga ƙasa, a bi shi har inda ruwan zai tafi abinsa.

Daga nan sai aikin da na fi ganin amfaninsa a duk aikin gyara, cire kunyar gefe. A hankali tayoyi suna danne tsakiyar hanya, ƙasa da ganye suna taruwa a bakin waje har su yi 'yar kunya kamar ta gona, hanya ta koma kwata ruwa ba ya iya fita. Ka sa fartanya ka kankare kunyar nan har bakin waje ya koma ƙasa da tsakiya, ka watsa ƙasar nesa ta gangare yadda ba za ta sake tara wata kunyar ba, ka daddaɓe. Ban da kunyar da aka gina da gangan a kwana don karɓar gudu, ita wannan ana barinta, sai dai a tabbatar tana da mafitar ruwa a kafinta da bayanta.

In kududdufi ne a wuri mai ɗan shimfiɗa, ana yi masa yanka mai siffar rabin wata a gefen waje. Faɗinsa ya kai kamar mita 3, a kankare ƙasar a hankali ta yadda tsakiyarsa zai karkata waje da kamar kashi 15. Kuskuren da kowane sabon shiga yake yi shi ne ya ja ɗan siririn layi da bakin diga ya ga ruwa ya tsiyaye ya ce an gama, ruwa biyu kawai ganye zai toshe shi. Yi shi da faɗi, mara zurfi, yadda mai keke zai wuce bai ma san an yi wani abu ba.

In kuma hanyar gangarowa take ruwa yana binta, sai a yi mata kwari da tudu. A tona irin wancan rabin watan, a ɗauki ƙasar da aka tono a gina doguwar tudu mai hawa a hankali a gabansa ta ɓangaren da hanya ke gangarowa, tsawon mita 3 zuwa 6, ya fi tsawon keke dai sosai, a daddaɓe shi hawa-hawa. Ruwa in ya zo ba zai iya hawa tudun ba dole ya fita gefe. Wannan ya fi tsohuwar dabarar gindaya itace a tsakiyar hanya nesa ba kusa ba, don itacen yana santsi, yana cika da laka, mahaya kuma suna kewaye shi. Kada a yi kwarin da tudun a cikin kwana, a yi su sama da ita.

Ramukan da taya ta bari ana gyara su ne lokacin da ƙasa take da danshi, ba caɓi ba, ba kuma busasshiya ba. A farfasa gefen ramin, a cika da ƙasa tsantsa, a daddaɓe. Baƙar ƙasar sama mai ruɓaɓɓen ganye ba ta yin hanya, soso ce, a kankare ta gefe a nemi ta ƙasanta. Inda kuma ruwa ke tsatsowa kullum ba ya bushewa, dutse ne magani: manya waɗanda sai mutum biyu za su ɗaga, a binne mafi yawan jikinsu, a fara jerawa daga ƙasa zuwa sama, na farko ya zama babba da zai tokare sauran, a cike tsakani da tsakuwa. Ka hau kan kowanne ka yi tsalle, in ya motsa a sake zaunar da shi.

Yankan hanyar da mutane suka ƙirƙira kuma a rufe shi da gaske. A farfasa ƙasar da ta danne don tsiro ya samu kamawa, a yi masa 'yan madatsai in ruwa ya fara bi, a rufe da ganye da duwatsu da rassa har mai wucewa ba zai gane an taɓa bi ba. Reshe ɗaya a bakin shiga ba ya hana kowa.

Na bakwai, tara mutane

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma taron da ba tsari shi ma ɓarna yake yi. A sanar da rana tun da wuri, a zaɓi lokacin da ƙasa ke da danshi. Awa uku zuwa huɗu sun isa, in aka ja ya kai yini guda mutane ba sa dawowa karo na biyu. A raba ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu ko biyar da gogagge ɗaya a cikinsu, shi zai fara yin guda ɗaya a gabansu su gani kafin su kama. Sabon zuwa a ba shi aikin da zai ga sakamakonsa da idonsa a ranar, kuma a gode masa da sunansa. A gayyaci masu tafiya a ƙafa da masu gudu da masu dawaki in suna bin hanyar, wanda kuka ɗaga dutse tare da shi ba zai kai ƙararku gobe ba.

A rubuta adadin mutanen da suka zo da awannin da aka yi, a ɗauki hoto kafin aiki da bayansa, a tura wa mai ƙasa. Wannan takardar ce za ta yi muku magana ranar da za ku nemi izinin sabuwar hanya. Kafin a watse a cire tutoci, a ƙirga kayan aiki, wurin da aka zuba sabuwar ƙasa kuma a rufe shi na 'yan kwanaki ya zauna kafin taya ta taɓa shi.

Da an yi ruwa mai ƙarfi na farko, ka koma da fartanya ɗaya ka taka wurin da kuka gyara. Za ka ga wasu magudanan sun yi aiki tas, wasu kuma laka ta taru a bakinsu, alamar karkatarsu ba ta isa ba ko mafitar ta yi ƙunci, sai ka ƙara musu faɗi nan take tun ƙasar tana da laushi, ka kuma sa alama a inda ruwa ya nuna maka sabon wurin da ba ku lura da shi ba don aikin wata mai zuwa.